Tagar Tsira Ta Kai Ni Gidan Jumare

Jama'a, ni Almu na Dogon Daji, wanda cutar agana ta kama ta saki, wanda ya wuce shekarar fari da ganyen tafasa da ruwan rijiya, wanda kada ya ja ƙafarsa a gulbi ya fito har da takalminsa, ni ne na maƙale a taga ranar Talata da hantsi. Kaina da kafaɗuna suna gidan maƙwabcina Jumare, sauran jikina yana gidana. Malam Ladan mai rubuta mini shafin ga sai dariya yake, na ce ya rubuta yadda na faɗa, tunda ni ban zauna ajin kowa ba.

Ga yadda anka yi. Tun da arzikin man fetur ya zo, manyanmu, Allah shi ƙara musu tausayi, ba su da aiki sai tunaninmu. Kananzir ya ɓace, fetur sai ka wuni a layi a Tambuwal, rijiyar da anka alkawarta shekara uku ko diga ba a sara ba. Amma sun gano ciwonmu: ba mu da tagar tsira. Kowane ɗakin kwana a fasa mishi taga, wai in gobara ta tashi mutum ya fice ta nan. Mai Girma Sarkin Tagogi da kansa ya zo, da tagogin ƙarfe mota guda.

Na ce, "Ranka shi daɗe, daga gadona zuwa ƙofa taki biyu ne, asabari kawai ke gare ta."

Ya duba takarda. "Baba, an ce a fasa bangon baya."

"Bayan bangon ga akwai mutane."

"Takarda ba ta ce komai kan mutane ba."

Bangon nan ni da Jumare munka gina shi shekara arba'in da sunka wuce, tare muke yaɓe shi kafin damina. A bayansa tsakar gidansa take, inda iyalinsa ke daka da girki, inda ko ni ban taɓa sa ƙafa ba. Ranar da anka fasa, Jumare yana kasuwar Kebbe da shanunsa.

Washegari, Talatar nan, Sarkin Tagogi ya dawo da mai ɗaukar hoto, za a yi gwaji. Ya tambaya wa zai iya. Wa kuwa, in ba ni ba? Matata Atu ta ce, "Malam, da wanga tumbi?" Na ce kadan gulbi ma bai riƙe ni ba, balle taga.

Wani ya yi ihu, "Gobara!" Na cusa kai, kafaɗu sunka wuce, tumbi ya ƙi. Ashe da jikin wani siririn akawu anka auna tagar. Na ɗaga ido, sai ga Yelwa matar Jumare, taɓarya a sama. Mi zan yi? Na yi sallama. Ta yi salati, ta saki taɓarya, ta faɗa ɗaki.

Jumare ya fito, ya jawo turmi ya kife, ya zauna gabana.

"Almu, ƙofar zaure ta ɓace maka?"

"Hukuma ta turo ni."

"To hukuma ta ja ka. Shekara arba'in kana tsayawa a zaure, yau ka shigo mini ta bango kamar gafiya."

Ta baya ƙarti biyu suna jan ƙafafuna, mai hoto yana ta ɗauka, kun dai san ɓangaren da ya samu. Sai da Jumare ya kawo man shanu ya shafe ni. "Ba don kai ba," in ji shi, "don iyalina su gama daka." Na sulluɓe na koma ciki. Sarkin Tagogi ya ce gwaji ya yi kyau, tunda rabin mutum ya tsira.

Kwana uku Jumare bai amsa gaisuwata ba, a masallaci ya canza sahu. Wallahi haƙoran kada ba su yi mini zafi haka ba. Ranar Asabar na kwaɓa ƙasa, na tura Atu ta nemo mini izini, mata sunka shiga ɗaki, na bi ta zaure kamar mutum, na fara toshe tagar ta wajensa. Ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Can ya tuɓe riga.

"Matsa. Yaɓenka har yau karkatacce ne."

Jiya mai dubawa ya zo, ya buɗe tagar ta cikin ɗaki, ga ƙasa ɗanya daf da hancinsa.

"Tana buɗewa?"

"Tana buɗewa, ranka shi daɗe."

Ya rubuta ta cika ƙa'ida, ya shiga mota. Yanzu kazar Atu ce ke ƙwai a ciki, ita kam ta tsira daga shaho. Ni in gobara ta tashi asabarina zan ɗaga, yadda na yi sau biyu a baya. Ku dai kula da hatsinku, don na ji an ce Mai Girma yana tambaya ko ana kwana a rumbu.