Yadda Za Ka Sha Rabon Waliyyi a Ramin Chaco

Kai sabon soja, ƙishi ya fi harsashin Boliviya kisa a ramin yaƙin nan na dajin Chaco. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci maƙogwaronka ba zai bushe ba. Ni Kofur Brígido, wata goma sha ɗaya ina gwada su.

1. Kama ƙahon
Gorar ruwa ɗaya ake ba mutum bakwai. A jiƙa ganyen terere, shayinmu na ruwan sanyi, a ƙahon saniya, a zagaya ana zuƙa da bututu ɗaya. Ce kai za ka riƙa zubawa, saboda ladabi. Ban taɓa ganin kabarin mai zuba ruwa ba.

2. Haɗa baki da waliyyi
Kowa ya san zubin farko na waliyyi San Tomas ne, busasshen ganye ke shanye masa. To, juya baya ka zuƙe na biyu. In Sajan Cantalicio ya tambaya, ce yau waliyyin ma zafi ya dame shi. Ni da na faɗa, sai ya ce, "Waliyyin naka har gyatsa yake yi?" Kada ka yi dariya.

3. Hana bakinka godiya
A zagayen terere, wanda ya ce na gode ya ƙoshi ke nan, sai a tsallake shi. Tarbiyyar da uwarka ta yi maka, bar ta can garinku Villarrica.

4. Yi ɗingishi ranar ɗebo ruwa
Tafkin yana daidai bakin bindigar abokan gaba. Ce ƙaya ta soke ka, amma ka tuna wace ƙafa. Ni na manta. Anacleto, abokin gadina, ya gane, bai tona ni ba. Ya rataya gorunan ya ce, "Ɗan'uwa, jiya hagu ce. Ajiye mini zubina."

5. Ci riba
Gorunan sun dawo, wani ne ya jawo su da rarrafe. Anacleto bai dawo ba. Yanzu mu shida ne, ƙahon na isowa gare ka da wuri, dabara ta ci ke nan. Sai dai kullum in zagaye ya zo inda yake zama, nakan zuba in ajiye, ba mai taɓawa. Sajan ya daina tambaya. Kunya ce ke cina, kuma ba ta wucewa da ruwa.

Gargaɗi
In an kama ka, ban san ka ba. In ba a kama ka ba, kada ka kawo mini kuka. Alkawarin maƙogwaro na yi maka, ban ce ruwan zai haɗiyu ba.