Ranar da na kai wayar Baba musanya

Ko nawa zan tsufa ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a kasuwar Birnin Kebbi ba. Ni mutum ne mai shegen son bin diddigi. Lokacin na dulmiya cikin tarihin kamfanonin waya, har na gano cewa kamfanin da ya ƙera tsohuwar rakani-kashin Babana da takarda ya fara, ya yi takalman roba, ya mamaye duniya da waya, sannan wayoyi masu shafawa suka zo suka ture shi. Abin ya burge ni. Na kuma karanta cewa wasu Turawa na tara irin waɗannan wayoyi kamar kayan gado.

Shi ke nan, na je Argungu gaisuwa, na ga wayar a kan tabarma an ɗaure ta da kyauro, na zura ta aljihu. Niyyata in ba da ita a musanya mini da sabuwa in ba Baba mamaki. (Ban tambaye shi ba. Kuma ana tsakiyar girbin shinkafa, duk lambobin masu saye suna cikinta.)

Shagon musanyar na wani ɗan kudu ne da kowa ke kira Oga, Hausarsa ta fi tawa. Na ajiye wayar a gabansa, na gyara hula, na soma lacca tun daga kan takalman roba har kan Turawan da ke tara irinta. Mutane suka taru. Oga ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe. Irinta ne fal.

"Malam, in ka ga Baturen, turo mini shi."

Ana cikin dariya sai wayar ta ɗauki ƙara. Oga ya amsa, ya buɗe murya kowa na ji.

"Salamu alaikum, bawan Allah," muryar Baba ce, ya ari wayar maƙwabci. "Kai da ka ɗauki wayag ga, na yahe maka, riƙe ta. Lambar mai sayen shinkafata ta Zauro kawai za ka karanto min, shinkafa na nan zube a fadama."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Oga ya miƙo mini ita, na ce, "Baba, ni ne."

Ya ce, "Kai na? To Alhamdulillahi, ɓarawon na gida ne. Karanto min."

Na tsaya gaban jama'a ina karanto lamba ɗaya-ɗaya, shi yana maimaitawa. Da yamma na mayar masa da abarsa har Argungu, kyauron kawai ya duba.

Tun daga ranar, kafin in binciki tarihin abu, sai na fara tambayar mai shi ko ya gama da shi.