Tagullar Wuyan Kofur

Shekarar da Bature ya tafi, maigidana soja ya zo hutu Kaoje. Na kai kakinsa bakin Kwara, ina wanki ina mafarkin yadda zai haska a taron hakimi. Sababbin alamun wuyan rigar ba su ƙyalli, a akwatinsa kuwa ga tsofaffi na tagulla. Na goge su da toka, na ɗinka su a gurbin sababbin, ina jin babu mace kamar ni. Ashe na zamanin Turawa ne, masu kambin Sarauniyarsu.

Bai duba ba ya saka. A taron, wani tsohon saja ya dubi wuyansa.

"Kofur, kowa ya sami 'yanci ban da kai?"

Har yau in na ɗauki allura, jikokina sai su ce, "Ku ɓoye riguna, Kaka za ta miƙa mu ga Sarauniya."