Yadda Za Ka Liƙe Tsagar Tafkin Iyo Ba Tare Da Matarka Ta San Abin Da Ya Tsaga Shi Ba

Ɗan'uwa, idan tafkin iyon gidanka irin na faiba ne, wanda ake kawowa guda kamar ƙaton baho a dasa a ƙasa, kuma yau ga tsaga a cikinsa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda na jero su. Na yi maka alkawari cikin kwana huɗu ko ɗigo ba zai ƙara zurarewa ba. Ban ce za ka fita da mutuncinka ba, amma ruwa kam zai tsaya.

Mataki na 1: Ka amince kai ka tsaga shi

Kada mu ɓata wa juna lokaci. Shekara tara da suka wuce, kana neman aure, ka ce wa matarka da danginta kai kifi ne a ruwa, har ka taɓa ceto mutum biyu a kogi. Alhali ruwan da ya wuce cibiyarka bai taɓa ganinka ba. Da kuka koma gidan nan mai tafki, wata shida kana zillewa: yau mura, gobe ciwon kunne, jibi yanzun nan ka ci abinci.

Sai ga yayan matarka, mai faɗin ƙirjin nan da bai iya magana a hankali ba, ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ranar Asabar zan zo mu yi tsere, zuwa da dawowa sau huɗu." Kai kuma bakinka ya riga hankalinka: "Sau huɗu kawai, Yaya?"

Ranar Litinin matarka na fita aiki ka kunna injin jan ruwa, ka rage ruwan ya dawo iya gwiwa, domin ka koyi iyo a wayarka ba tare da ka mutu ba. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, tafkin faiba nauyin ruwansa ke riƙe da shi. An kwana uku ana ruwan sama, ƙasa ta jiƙe tana turo shi daga waje. Kana kwance rub da ciki kana fafutuka, sai ka ji ƙas. Tsaga ce tsawon kamu uku, daidai gangaren da wuri mara zurfi ke sauka cikin mai zurfi.

Mataki na 2: Juya labarin

Wannan matakin ya fi gam muhimmanci. Kwashe ruwa ne ya kawo tsaga, amma daga yanzu tsaga ce ta kwashe ruwa. Maimaita sau goma. Naɗe tiyo ka cusa bayan janareta.

Da yamma za ta tsaya a bakin tafkin, jaka a kafaɗa, ta ce, "Baban yara, ina ruwan ya tafi?"

Nuna tsagar da fuskar jimami. Za ta dubi tsagar, ta juya ta dubi furanninta da ke can kan tudu suna tsaye cikin ruwa, inda bakin tiyonka ya wuni.

"Ikon Allah," za ta ce. "Har ya hau tudu ya yi mini ban ruwa."

Kada ka amsa. Masana irina sun tabbatar da cewa rabin gyara shiru ne.

Mataki na 3: Hana a kira mai gyara

Na san abin da zuciyarka ke raya maka: a bar shi a tsage, tsere ya rushe. Dabara ce mai kyau, amma ba ta kai minti biyu. Matarka za ta ciro waya ta ce bari ta kira mutumin kamfanin da ya dasa shi. Mutumin nan kallo ɗaya zai yi ya ce, "Wa ya kwashe ruwan?" a gabanta, kuma tambayar da ke biye ita ce don me.

Saboda haka bugi ƙirji ka ce, "Ina raye za a kira wani ƙato ya taɓa mini tafki? Ni zan gyara."

Mataki na 4: Sayayya

Je shagon kayan gini, amma ba na unguwarku ba. Sayi ruwan gam na faiba da 'yar kwalbar maganin da ke daskarar da shi, da ƙyallen faiba, da sanfefa mai kaushi da mai laushi, da buroshi, da safar hannu, da takunkumi, da fentin sama shuɗi.

Mai shagon zai tambaye ka, "Oga, ka taɓa yi?" Ka ce na abokinka ne. Zai ce, "To ka gaya wa abokin naka kada ya ƙara kwashe ruwa da damina." Karɓi kayanka ka fita, ba ka zo neman ilimi wurinsa ba.

Mataki na 5: Ƙara ɓata wurin

Ɗauko injin huda, ka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. Sannan ka goge gefenta da sanfefa har ta buɗe baki. Share ƙurar, ka bari ya bushe ƙayau. Idan matarka ta leƙo ta taga ta ga kana huda tafkin da ka ce za ka liƙe, ɗaga mata hannu cikin natsuwa irin ta likita.

Kada ka yi aikin da singileti. Wani abokina ya yi, ya kwana biyu yana susa kamar ya kwanta a kan ƙaiƙayi.

Mataki na 6: Haɗa gam

Gwangwanin ya ce ɗigo goma na maganin daskarewa. Za ka ga kamar masu gwangwanin rowa suke yi, ka zuba rabin kwalba. Kofin da ka haɗa a ciki zai yi zafi, ya fara hayaƙi, buroshinka ya tsaya a ciki har abada. Wannan ba kuskure ba ne, gwaji ne. Jefa shi bayan janareta wurin tiyo.

Sake haɗawa da ɗigo goma. Shafa gam, shimfiɗa ƙyalle, danna har iska ta fita, sake shafawa, sake shimfiɗawa, sau uku. Kana da minti goma sha biyar kafin ya kama. A cikin mintunan nan ne Yaya zai kira ka ya ce ya sayi sabon tabarau na shiga ruwa. Bar wayar ta yi ta kuka.

Mataki na 7: Fenti

Washegari goge wurin ya yi sumul, ko dai kusa da sumul, ka shafa fenti. Shuɗin ba zai yi daidai da na tafkin ba. Ba ya taɓa yi. Naka zai fito baƙi-baƙi, da ɗan tudu, da kaushi a tafin ƙafa. Duk wanda ya tambaya, ka ce ƙasashen da suka ci gaba haka suke yi.

Mataki na 8: Cika ruwa, ka gane abin da ka yi wa kanka

Ranar Alhamis buɗe famfo. Sa alama da biro a bakin ruwa. Ranar Juma'a duba: ruwa na nan daram, bai ragu ko kaɗan ba. Za ka ji daɗi har cikin ranka, ka yi murmushi kai kaɗai. Murmushin zai kai kamar daƙiƙa biyar, sai ka tuna gobe Asabar. Da hannunka, da guminka, ka gyara wurin da za a tozarta ka.

Mataki na 9: Gwajin ƙarshe

Da la'asar ɗin Juma'ar matarka za ta fito da tawul biyu. Yara suna gidan kakarsu.

"Aiki ya yi kyau," za ta ce. "Kai da kake kifi, ɗan nutsa ka shafo mana shi mu ji ko ya kama."

Za ka tsaya a bakin ruwa kana kallon yatsun ƙafarka. Mura ta ƙare, kunne ya warke, ba ka ci komai ba tun rana. Shawarata a nan ita ce ka buɗe baki kawai.

"Maman yara, ban iya ba."

"Na sani," za ta ce, tana sauka cikin ruwan. "Tun makon da muka dawo gidan nan. Wanda ya iya iyo ba ya zagaye tafki yana dafa bango."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Jira nake ka gaji. Na gaya wa Yaya gam ɗinka sai ya yi wata biyu kafin ya jure tsere. Sauko."

Sauka. Za ta ja hannunka har ƙafarka ta taka tudun nan mai kaushi da ka liƙa.

"Ka ji shi? Daga nan zuwa baya ƙafarka na taɓa ƙasa. Kwanta, ina riƙe da kai. Sakar mini wuya mana, za ka shaƙe ni."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin buroshin da ya maƙale, ko furannin da suka ruɓe, ko ruwan da za ka shaƙa ta hanci, ko dariyar da matarka za ta riƙa yi idan ta juya maka baya. Duk wanda ya wuce baƙin tudun nan ya shiga wuri mai zurfi, shi da matarsa ne, babu hannuna. Ni kaina jiya na fara wuce shi, da taku biyu, kuma sai da na kai bango na gane matata ta daɗe da sakina.