Malam Mizani da Wayar Fulogi

Godiya ta tabbata ga Allah da bai bar unguwarmu cikin duhu ba, ya azurta mu da Malam Mizani, masanin zukatan kanikawa. Mun laƙaba masa wannan suna ne saboda babu wanda zai gifta ta gaban bencin da mu dattawa muke zama bayan la'asar face Malam ya auna shi, ya kuma faɗi nauyinsa. Ya sha nahawu, ya ƙoshi da fiƙihu, sai ya ga ilimi irin wannan bai kamata ya tsaya a zaure ba. Ya ɗauko ƙa'idar da magabata suke tantance masu ruwaya da ita, wane amintacce, wane maƙaryaci, ya ɗora ta a kan masu gyaran mota.

Motar tasa kuwa dattijuwa ce mai kamala. Ba ta tashi sai an lallashe ta, ba ta tsayawa sai ta ga dama.

"Jama'a," in ji shi wata rana, yana shafa gemu, "amana ba a goshi take ba, sai an jarraba. Ni kam ba a haifi bakaniken da zai cuce ni ba."

Ga yadda jarrabawar take. Kafin ya fita daga gida, sai ya buɗe bonet, ya zare wayar fulogi guda da hannunsa mai albarka. Mota ta kama ciccijewa. Ya lallaɓa da ita gareji, ya langaɓe kai, ya ce bai san abin da ya same ta ba. Wanda ya mayar da wayar ya yi shiru, shi ne amintacce. Wanda ya ƙara ko da harafi a kan wata cutar, ya faɗi. Mu kuwa muka yi ijma'i cewa hikima ce, domin babu ɗayanmu da ya tuna cewa shi mai neman gaskiyar, da ƙarya ya fita daga gida.

Na farko, wani dogo mai gareji a bayan gidan mai, ya mayar da waya, ya ce, "Baba, wannan an gama. Amma lagiretonka na yoyo, a duba shi."

Malam ya dawo benci yana murmushin nasara. "Kun ji ɓarawo? Cuta ɗaya na kai masa, ya haifo mini ta biyu."

Na biyu ya ambaci lagireto, ya ƙara da birki. Na uku ya ce fambel ta kusa tsinkewa, lagireto kuma sai addu'a. Malam ya ce haɗuwarsu a kan lagireto hujja ce bayyananniya cewa bakinsu ɗaya. Muka jinjina kai, muka ce lallai zamani ya lalace.

Daga bisani Allah ya haɗa shi da wani mai ƙiba da ke kwance a ƙarƙashin rumfar kwano, sifana ɗaya gare shi, ita ma ta yi tsatsa don rashin aiki. Ya miƙe da ƙyar, ya mayar da waya, ya ce, "Ranka ya daɗe, motar nan ta fi sabuwa lafiya. Ai mota halin mai ita take ɗauka."

Malam ya kusa hawaye. Nan take ya naɗa masa suna Amintacce. Ya sake jarraba shi, ya kuma sakewa, kullum amsar ba ta canzawa. Mu ma muka kwashi motocinmu muka kai masa, kowa ya dawo da albishir cewa tasa garau take.

Sai labari ya zo cewa malaminsa na ƙuruciya, tsohon da ya koya masa karatu, zai sauka a tasha da hantsi. Malam ya rantse a gabanmu cewa babu motar da za ta ɗauki wannan bawan Allah sai tasa, ya kuma zaɓi uku daga cikinmu don rakiya. Muka sha manyan riguna. Ba mu kai rabin hanya ba, hayaƙi ya turnuƙo daga bonet, mota ta yi atishawa, ta yi shiru a tsakiyar titi.

Aka kira Amintacce. Ya iso a kan babur, ya buɗe bonet, ya bi wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan daram. Ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, yau kuma me ka cire?"

"Na cire kamar yaya?"

"Haba, Malam. Ai tun ranar farko na ga shatin yatsunka a kan wayar. Faɗa mini kawai in mayar, rana na yi."

"Ban cire komai ba! Lalacewa ta yi da gaske!"

"To, in da gaske ne, wannan ya fi ƙarfina. Sai dai a kai wa dogon nan na bayan gidan mai. Shi ya san lagireto."

Haka muka naɗe hannayen riguna muka kama turi, Malam yana ciki yana riƙe da sitiyari, yana ba da fatawa a kan yadda ake tura mota. Muna cikin haki sai wata tasi ta tsaya kusa da mu. Tsohon malamin ne a ciki, ya gaji da jira. Ya leƙo, ya ƙare wa almajirinsa kallo, ya ce, "Ɗana, shigo in rage maka hanya."

Malam Mizani ya fito ya shiga, bai auna direban ba. Mu, masu ijma'i, aka bar mana turin. Da muka isa garejin dogon, ya dubi motar, ya dube mu, ya ce shi ma ya daɗe yana neman mai mota mai gaskiya, in mun ji labarin wani a unguwarmu, don Allah mu turo masa.