Rasuwar Mai Jan Ido, Na'urar Karɓar Kaya a Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta ɗara baƙin cikin nauyi, ni mai kula da sito nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da direbobin da ke kawo mana kaya rasuwar abokiyar aikina, na'urar karanta lambar kaya, wadda kowa ya sani da Mai Jan Ido. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan jinyar kwana guda da ta yi a cikin buhun shinkafa. Shekararta tara a bakin aiki, kuma ban taɓa jin ta nemi hutu ba.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, aikinta ba shi da hayaniya. Mota takan tsaya a ƙofar baya, in buɗe odar da muka yi a manhajar sito, direba ya fara sauke kwalaye. Ni kuma in ɗaga ta in saita jan haskenta a kan layukan nan baƙaƙe da ke jikin kowane kwali. In kayan namu ne sai ta ce tit, manhaja ta ƙara ɗaya. In ba mu yi odarsa ba, ko an sauya mana girma ko launi, sai ta ce tirr-tirr da wata murya mai kama da tsakin surukuwa. Kalmominta ke nan guda biyu a duniya, kuma da su ta fi yawancinmu gaskiya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta faɗo daga kan tebur ya fi sau goma, aka naɗe ƙugunta da salatif, ta ci gaba da aiki. Ba ta da gulma, ba ta cin na goro a hannun direba, ba ta duba fuskar mutum kafin ta ƙi kayansa. Dogo, direban da ke kawo mana kayan wanki da na jarirai, ya sha rantsuwa cewa tana da aljanu, domin sau uku yana cusa kwalin da ba namu ba a tsakiyar lodi don ya huta da mayar da shi, sau uku tana tona shi. Duk wannan ƙoƙari ni aka yaba wa. Bara waccan, a gaban ma'aikata duka, aka miƙa mini takardar yabo ta wanda ya fi kowa lura da kaya. Na karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, na rataye ta a bango. Har yau ban san abin da aka rubuta a ƙasanta ba.

To, a nan ne ya kamata in faɗi babbar nagartarta, wadda ba wanda ya sani sai ni: ta iya rufa asiri. Shekara huɗu ke nan idona yana ja da baya. Da farko ƙananan lambobi ne suka fara haɗewa, uku ta zama takwas, ɗaya ta zama bakwai. Daga baya rubutun kwamfuta ma ya zama hazo. Na ƙara girman haruffa har kalma ɗaya ta cika allon, na ce wa masu tambaya ni mutum ne mai son abu a fili. A gida na ɗora laifin a kan ƙwan lantarki. Sau uku ina sauya na falo, ina faɗa wa maiɗakina kayan yanzu duk jabu ne, ita kuma tana kallona tana cewa ai kuwa, ta ci gaba da tsintar tsakuwa a wakenta a ƙarƙashin wannan hasken da na ce bai isa ba.

Ban je asibiti ba, ban sayi tabarau ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarar da idon ya fara, kamfani ya sallami sa'o'ina biyu, aka ce jikinsu ya gaji. Na ga yadda suka fita da kayansu a leda. Ina da 'ya'ya uku a makaranta, ga furfura ta riga ta kai ƙarata, sai na ƙudura ba zan ƙara wa kowa hujja da gilashi a hanci ba. Na haddace inda kowane maɓalli yake a manhaja: kore a ƙasa ta dama, ja a sama. Sauran aikin na bar wa marigayiya. Ita take gani, ni ina saurare, kuma ni nake sa hannu.

Ajalinta ya zo ranar Litinin da safe. Dogo ya iso da mota shaƙe da kaya, na fito ina riƙe da ita, ya miƙo mini hannu mu gaisa. Na hango wani abu shuɗi kusa da ƙafata mai kama da rufaffen kwali, na ɗora ta a kai. Ashe bokitin mai goge-goge ne, cike da ruwan sabulu. Ta nutse ba tare da ta ce ko tit ba. Ina so jama'a su sani cewa mai goge-goge ba ta da laifi, ko da yake na yi mata faɗa na kusan minti goma a kan ajiye bokiti a hanya. Bokitin yana lungun da yake zama tun kafin a ɗauke ni aiki. Ina neman afuwarta a bainar jama'a.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Na girgiza ta, na hura mata iska da baki, na shanya ta a rana, sannan bisa shawarar Dogo na binne ta a cikin shinkafa. Da yamma ta ɗan buɗe ido, jan hasken ya yi ƙyaf sau biyu, na ji wani sanyi a raina. Washegari mai gyara ya kwance ta, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali. Ya ce in yi haƙuri, ta riga ta tafi tun a bokiti.

Amma mota ba ta jiran makoki. Tun ranar Litinin ɗin Dogo ya ce yana da wurare huɗu a gaba, kuma manhaja tana da hanyar shigar da lambar kaya da hannu. Na karɓi takardar kayan, na miƙe hannu iyakar tsawonsa, na matso da ita dab da hanci, na karkata wajen haske. Dogo ya yi tayin karanta mini, na ce masa shekara ashirin ina wannan aiki, ba a yi direban da zai koya mini karatu ba. Na buga abin da zuciyata ta raya mini, na danna kore. Manhaja ta karɓa ba musu, domin ita ba ta da tarbiyyar marigayiya.

Da haka kwali sittin na ruwan wanke banɗaki suka shiga sito da sunan madarar jarirai. Masu sayarwa a bene suka ga madara ta iso, suka buga wa wata mai kanti da ta yi mako biyu tana jira, suka yi mata albishir. Ranar Laraba motarta ta zo ɗauka. Na zagaya sito sau biyu da fuskar mai neman abin da wani ya ɓatar, har na fara cewa a binciki masu gadi.

Sai manaja ta sauko. Yarinya ce sa'ar 'yata ta fari, mai ladabi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta sallami kowa, ta ɗauko kwali ɗaya ta ajiye a kan teburina, ta sa yatsa a jikinsa.

"Baba, karanta mini wannan layin."

Na sunkuya, na gyara murya, na karanto mata sunan kamfanin da nauyin kayan da ka, tiryan-tiryan. Ta bari sai da na kai aya, sannan ta juya kwalin, domin a kife yake.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Shekara huɗu, ranki ya daɗe."

Ta ce ita shekara biyu ta sani, tun da ta lura ina sa hannu a gurbin direba, direba kuma yana lallaɓawa ya sa nasa a gurbina don kada in ji kunya. Ashe Dogo ya sani. Mai goge-goge ta sani, shi ya sa take kawar da katako daga hanyata kowace safiya. Da na koma gida na ba maiɗakina labari, ko mamaki ba ta yi ba, ta ce ƙwayayen lantarkin da na cire duk lafiyarsu ƙalau, suna cikin durowa tana jiran ranar da zan gaji. Na yi shekara huɗu ina gadin sirrin da ni kaɗai ne ban san ya fasu ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan maganar madarar.

Manaja ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce na tsira ba. Ta ce sabuwar na'ura za ta iso mako mai zuwa, amma ba za ta shiga hannuna ba sai na kawo takardar likitan ido. Abin da likita ya faɗa, shi za ta kai wa manyan kamfani. Ba aikin da za a yi wa idon nake tsoro ba. Tsorona kada ya duba ya ce da na zo shekara huɗu da suka wuce, da abin ya zo da sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar mazauninta na roba, wanda har yanzu fitilarsa ke kunne yana jiranta, da wayar caji guda mai ɗauri uku, da ƙanwarta firinta wadda ba ta aiki sai an mare ta. Ta bar kwamfutar sito da manyan haruffanta. Ta kuma bar ni, maraya ɗan shekara hamsin da takwas. 'Yata ta biyu ce take rubuta wannan sanarwa ina faɗa mata, kuma na ji tana dariya a wurare da dama da ban ga abin dariya ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe. Za a ɗauki gawar daga sito a cikin kwalinta na asali zuwa shagon mai gyara, wanda ya nemi izinin cire abin da zai amfani wasu na'urorin, kuma iyali sun amince. Dogo ya yi alkawarin mota. Daga can 'yata za ta riƙe hannuna mu wuce asibitin ido, layina ƙarfe goma sha ɗaya. Masu addu'a su bar marigayiya, ta gama nata lafiya, su mayar da hankali kan mai makokin.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar sauke kaya bayan an tashi aiki. Ina roƙon duk mai zuwa ya faɗi sunansa tun daga bakin ƙofa. Na daɗe ina ce wa kowa "babban mutum", kuna jin daɗi kuna cewa Baba akwai girmama jama'a. Ku yafe mini, ban san ko su wa nake gaisarwa ba.