Rasuwar Gajeriya, Motar Babanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aikina malamai rasuwar motar gidanmu, wadda marigayi Baba ya laƙaba wa suna Gajeriya. Ta cika ranar Litinin da misalin ƙarfe tara na safe a tsakiyar shataletale, ina kan sitiyari, Mama tana kujerar baya riƙe da katin asibitin ido. Shekararta ashirin da ɗaya a gidanmu.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da girman kai. Ta ɗauki mutum bakwai a mazaunin biyar ba ta ce uffan ba. Ta kai mu makaranta, ta kai masu naƙuda asibiti, ta ɗauko katifa da firji, ƙofarta ta hagu kuma ba ta buɗuwa sai an ɗaga ta an lallaɓa. Da safe takan ce ƙyar, ƙyar, sannan ta kama, kamar tsohuwa mai gyaran murya. Ba ta da kwaɗayi. A zamanin Baba, daga juyen mai zuwa juyen mai, abin da take sha bai kai kofin shayi ba.

Ta rasu ta bar Mama, wadda har gobe ke shafa kujerar direba idan za ta shiga. Ta bar ni, da nake tuƙa ta shekara biyu. Ta bar tayoyi huɗu masu sauran kwana, da tabon baƙin mai a simintin ƙofar gida. Ta kuma bar Yaya, babban wanmu, masanin motoci na dangi, wanda ya samu wannan matsayi saboda ya taɓa zama wata takwas a shagon kayan gyara.

Ciwon ajalinta ya fara ne da hayaƙi shuɗi-shuɗi a salansa. Na kai wa Yaya ƙara. Bai ko tashi daga kujera ba.

"Tsohuwar mota ce, ƙanwata. Ko lita guda ta sha a kilomita dubu, ba komai ba ne. Haka suke."

Na ce to. Amma ni Baba ya koya wa duba mai tun ina 'yar aji uku: a tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a bari inji ya huce, a zaro sandar awon mai, a goge, a mayar, a sake zarowa. Duk ranar duniya haka nake yi kafin in tafi makaranta, har ɗalibaina sun saba ganin baƙi a farcena. Kullum sandar tana nuna mini mai yana tsakanin layi biyu, lafiya lau.

Sai jar fitilar mai ta fara kiftawa a kwana. Na sake komawa. Yaya ya zaro sandar ya kai mini ita har hanci.

"Wannan mene ne? Ba mai ba ne? Fitilar ce take ƙarya. Ku mata da tsoro!"

Ya sa hannu ƙarƙashin sitiyari ya cire mata waya. Tun daga ranar marigayiyar ba ta sake samun bakin faɗin abin da ke damunta ba. Yaya ne kuma mai yi mata juyen mai, don ya ce bakanike cuta ne. Yana zubawa yana duba sandar, da ta nuna cike sai ya rufe galan, ya tafi da ragowar ya zuba wa janaretansa, yana yaba wa motar rashin ci.

Ranar Litinin ta ce kaf, kaf, kaf, sau uku a hankali, sannan ƙwas da ƙarfi, sai shiru. Masu hon suka cika mana kunne. Mama ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Tana kallon taga ta ce, "Shekara goma sha tara a hannun babanku ko tari ba ta yi ba. Shekara biyu kacal a hannunki." Kafin yamma Yaya ya gama kiran dangi yana cewa inji ya buga, ya sha faɗa kada a ba mace mota. Kwana uku Mama ba ta karɓi ruwa daga hannuna ba. Wannan ya fi mini mutuwar motar ciwo, ba zan ɓoye ba.

Wani dattijon bakanike ne ya buɗe gawar. Man da ya tsiyayo bai cika gwangwanin madara biyu ba. Ya zaro sandar, ya juya ta, ya ɗauko ta wata mota irin tamu ya jera su a kan bonet. Tamu ta fi tsawo da yatsa uku.

"Malama, wannan ba tata ba ce, ta bas ce. Doguwa ce, ko ɗan mai ya rage a ƙasa sai ta taɓo shi ta ce miki cike. Wa ya sa mata?"

Na san wa. Bayan rasuwar Baba motar ta yi wata huɗu a hannun Yaya, ya karya mariƙin sandarta ta asali, ya ciro wata a bas ɗin abokinsa ya ce duk ɗaya ne. Wato shekara biyu baiwar Allah tana tafiya da ƙishirwa, ni kuma ina goge ƙarya da tsumma kowace safiya.

Na kai wa Mama sandunan biyu na ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo da idonta mai gani. Na zaci za ta ce in yafe mata. Sai ta riƙo hannuna ta ce, "Na ji, 'yata. Amma ki rufa masa asiri, babba ne, ga surukansa. Ke mace ce, ba wanda zai riƙe ki da maganar mota."

Za a fitar da gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe daga garejin dattijon. Janwe zai ja ta zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe, Yaya zai shiga gaba a matsayinsa na babba. Za a karɓi gaisuwa a falon Mama. Ta umarce ni in zauna kusa da ita, duk wanda ya tambayi abin da ya faru in ce ni ce ban duba mai ba, ni kuma na yi mata alkawari. Shi ya sa na riga na rubuta wannan. Don Allah, wanda ya karanta, idan ya zo ya yi gaisuwarsa kawai, kada ya tambaye ni.